Masu duba ƙarfen da suka yi mana aiki a gyaran ɗakin taron makaranta

Ni malamar fiziks ce, shi ya sa da aka tashi gyaran makarantarmu aka ce in zama idon kwamiti a wajen aiki. Makarantar a tsakiyar birni take, titi ta gaba, gidajen mutane ta baya, ko inda za a ajiye tirela babu. Aikin shi ne a ɗaye rufin ɗakin taro, a bar tsofaffin ginshiƙan ƙarfe, a ɗora sababbin ƙarafan kwance, sannan a yi gadar ƙarfe daga benen ajujuwa zuwa ɗakin karatu. Ɗan kwangila ya ce yana da mai duba masa aiki. Kwamiti ya ce shi ma zai ɗauko nasa, wanda ba a hannun ɗan kwangila yake karɓar kuɗi ba. A kan wannan kamfanin nake rubutu, don masu irin aikinmu su san abin da za su tarar.

Ranar farko Injiniyan da suka turo bai taɓa ƙarfe ba sai da ya gama da takardu. Ya nemi takardar masana'antar da ta narka ƙarfen, ya bi lambar da ke jikin kowane ƙarfe yana gwada ta da wadda ke rubuce. Ya nemi shaidar masu walda. Shi ma ba a tambaye shi ba ya miƙo tasa, mataki na 2 a tsarin ISO 9712, wato shaidar ƙwarewar masu gwada ƙarfe ba tare da lalata shi ba, ya kuma ce da AWS D1.1, ƙa'idar waldar ƙarfen gini ta Amurka, zai auna waldar, tunda ita aka rubuta a zanen ginin. Tun daga nan hankalina ya fara kwanciya.

Inda na fi jin daɗinsu shi ne wajen tsofaffin ginshiƙai. A ido lafiyarsu lau, fenti ya sha kansu shekara da shekaru. Ya sa aka kankare gindin kowanne, ya shafa wani ɗan mai, ya ɗora kan wata ƙaramar na'ura. Sauti take turawa cikin ƙarfen, ya je ya bugi ɗaya gefen ya dawo, ita kuma ta lissafa kauri daga lokacin da ya ɗauka, domin sauti yana gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa ɗaya cikin ƙarfe. Abin da nake rubuta wa ɗalibai a allo ne, ga shi a hannun mutum yana aiki. Ginshiƙai biyu na gefen da ruwan sama ke kwanciya, sama kaurinsu milimita 12, ƙasa ya koma 8. Ya nuna mini yadda tsatsa ta ɗaga bakin farantin da ginshiƙin ke zaune a kai.

"Malama, tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma," in ji shi. "Idan ta shiga tsakanin faranti biyu, turewa take yi har ta lanƙwasa su."

Ba don wannan awon ba, da a kan su aka ɗora sabon rufi, yara ɗaruruwa suna zama a ƙasa kowace safiya. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Batun walda ne ya kawo 'yar sa-in-sa. Babban mai waldar dattijo ne, hannunsa na da kyau ƙwarai, layin waldarsa kamar an ja da zare. Injiniya ya fesa farin fenti a kan wani haɗi, ya kafa maganaɗisu mai ƙafa biyu, ya zuba ruwa mai garin ƙarfe. Nan take garin ya taru a wuri guda, ya yi baƙin layi siriri kamar gashi. Tsagewa ce. Dattijon ya ce a duk shekarun da ya yi yana wannan sana'a ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Injiniya bai ɗaga murya ba.

"Baba, ba hannunka ba ne. A ina sandunan waldar suka kwana?"

Ashe a buɗe aka bar kwalin, a ɗakin da ke yoyo. Irin sandar nan mai lamba E7018 laima take sha, laimar ta saki haidirojin cikin waldar, kuma tsagewar ba lallai ta fito nan take ba, takan iya yin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ba ya gwada manyan haɗe-haɗe ranar da aka yi su. Aka gurje wurin, aka kawo akwatin ɗumama sanduna, aka sake. Yadda ya tsare wa dattijon mutuncinsa a gaban yaransa, bai kuma sassauta ko kaɗan ba, ya burge ni. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba su ɗauki hoton waldar irin na asibiti ba. Ya ce haskensa na da illa, sai an kori kowa daga kewaye, mu kuwa katangarmu manne take da gidajen mutane, don haka sauti da maganaɗisu ya zaɓa.

Kusoshi masu noti ba su ci lokaci ba. Zane ya ce masu lamba 8.8, lambar da ke nuna ƙarfinsu, ya tarar da wasu babu lamba a kansu, ya ce a cire.

Sai gada. Masu haɗawa sun ga ramukan ba su yi daidai ba, suka so su sauya yadda sandunan rataye za su kama ƙarfen. Ya tsayar da aikin wannan sashen, ya ce sai injiniyan da ya zana ginin ya sa hannu. Ɗan kwangila ya ce ƙaramin gyara ne. Sai Injiniya ya ba mu labarin otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka, inda gadoji biyu na cikin otal, ɗaya a saman ɗaya, suka rufto a ranar 17 ga Yulin 1981, mutum 114 suka mutu. Doguwar sandar rataye ɗaya aka mayar biyu don sauƙin haɗawa, sai nauyin da ke kan haɗin gadar sama ya ninka. Bayan kwana uku mai zane ya turo wata hanyar daban da wadda suka so bi.

Akwai inda suka ba ni haushi, kuma dole in faɗa. Rahotonsu na farko ya yi kwana tara bai iso ba, alhali hutun ɗalibai muke tsere da shi, ɗan kwangila kuma ya samu abin fakewa. Da ya zo, harshen injiniyoyi ne zalla, hotuna cike amma babu alamar wane ginshiƙi ne wane. Sai da na ɗauki alli na bi na rubuta wa kowanne lamba, na ce su sake bisa lambobina. Sun sake ba musu, amma ba aikina ba ne. Sannan sau biyu suka turo wani matashi a madadin Injiniya, na ga daga ƙasa yake leƙen haɗe-haɗen sama. Na buga waya ofishinsu, washegari Injiniya ya zo ya hau da kansa.

Wani abu kuma da ban gane ba sai a tsakiyar aiki: su ba sa tabbatar da cewa zanen daidai ne. Abin da aka gina suke gwadawa da abin da aka zana. Lissafin nauyi na mai zane ne, kada kwamiti ya ɗauka sa hannunsu ya rufe wannan.

Zan sake ɗaukarsu, amma da sharaɗi a rubuce: rahoto cikin kwana uku, sunan wanda zai zo a takarda, kuma kada a shafa fenti ko a buga silin a ko'ina sai sun gani. Akwai ginshiƙai uku da ke cikin bangon bayan dandamali waɗanda na'urarsu ba ta kai gare su ba. Mun rufe wannan gefen da katako, mun shirya da su a fasa bangon a hutu mai zuwa.