Soket na ɗauke wuta yana dawowa da kansa: laifin cikin gida ne ko na layin waje?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Tudun Wada a Gusau ya yi tambaya cewa soket-soket na falonsa da na ɗaki guda suna ɗauke wuta kuma su dawo da kansu, wani lokaci bayan 'yan mintoci, wani lokaci sai an daɗe, alhali fitilun gidan suna ci kuma maƙwabta suna da wuta. Wani ya ba shi shawarar ya sauya soket ɗin gaba ɗaya, wani kuma ya ce masa laifin daga falwaya yake, don haka ya nemi ma'aikatan kamfani. Yana son a kwatanta masa biyun domin ya san inda zai dosa.

Ɗan'uwa, kafin ka sayi ko da soket ɗaya, fita ka ƙirga wayoyin da suka shigo gidanka daga falwaya. Idan guda biyu ne, wato layi ɗaya mai kawo wuta da baƙar waya mai mayar da ita wadda masu wayarin ke kira nutural, to duk abin da ke gidan daga tushe ɗaya yake sha, kuma ba zai yiwu laifin falwaya ya kashe soket ya bar fitila tana ci ba. Laifin yana cikin gida, daga akwatin bureka, wato makunnan da ke faɗuwa su yanke wuta idan lodi ya yi yawa, zuwa bango. Idan kuwa wayoyi huɗu ne, wato layi uku da nutural, to maganar ta sauya, domin mai wayarin yana iya ɗora fitilu a kan wani layi, soket ɗin falo kuma a kan wani, ta yadda layi ɗaya zai riƙa yankewa a waje, sauran biyun suna aiki lafiya. A irin wannan gida, cin fitila ba ya wanke layin waje daga zargi.

Bureka kuma ka cire shi daga lissafi tun yanzu, domin idan ya faɗi ba ya tashi sai an sa hannu an ɗaga shi. Mitar kati tana iya yanke wuta idan an yi mata lodin da ya wuce ƙa'ida, amma ita gidan gaba ɗaya take kashewa. Wutar da take tafiya ta dawo ba tare da an taɓa komai ba, a wani ɓangare na gida kawai, kusan kullum alama ce ta mahaɗar waya da ta yi sako-sako. Abin da ya rage shi ne a gano ko mahaɗar tana ciki ko tana waje.

Laifin cikin gida yana bin lodi. Za ka lura cewa wutar tana nan daram muddin cajar waya da talabijin kaɗai ke jone, amma da an sa dutsen guga ko hitar ruwa, ko injin firiji ya tashi, sai ta ɗauke, ta dawo bayan an cire kayan an bar wurin ya huce. Dalilin haka shi ne jan ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗauki zafi, yana kuma tsukewa idan ya yi sanyi, kuma wannan kai-komo na shekara da shekaru yana sassauta sukurun da ya riƙe wayar a bayan soket. Da wayar ta saki, sai wurin ya riƙa yin zafi fiye da da, zafin ya ƙona bakin wayar ya yi baƙi, baƙin kuma ya ƙara hana wuta wucewa. Soket mai ƙafa uku da muke amfani da shi an yi shi ne don ya ɗauki amfiya 13 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke ratsa waya), wanda a kan bolt 230 ya kai kusan wat 3,000. Butar lantarki ita kaɗai tana iya jan wat 2,000, saboda haka idan aka haɗa ta da dutsen guga a kan wayar ƙari ɗaya an riga an ƙetare iyaka. Ga wani lissafi da nake son kowane magidanci ya riƙe: idan mahaɗa ta lalace har turjiyar da take yi wa wuta ta kai rabin om (om shi ne ma'aunin turjiya), kuma amfiya 10 na ratsa ta, zafin wat 50 ne yake taruwa a wurin da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, a cikin akwatin roba, a cikin bango. Bureka ba zai faɗi ba, domin yawan wutar da ke wucewa bai ƙaru ba, shi kuwa yawa kaɗai yake aunawa. Wannan ne ya sa nake ganin laifin da ke gyara kansa ya fi wanda ke kayar da bureka haɗari nesa ba kusa ba.

Laifin waje shi kuma yana bin yanayi da lokaci. Yakan tsananta idan iska ta taso, musamman guguwar farkon damina da take kaɗa wayoyi, ko bayan an yi ruwa, ko da magariba lokacin da unguwa duka ta kunna kaya taransifoma ta ɗauki nauyi. Sau da yawa yakan zo ko da ba ka jona wani kaya mai nauyi a falonka ba. Wayar da ke kan falwaya yawanci ta alminiyam ce, kuma inda aka murɗa ta da wayar jan ƙarfe ba tare da maɗaurin da ya dace ba, ƙarafan biyu ba sa zaman lafiya, danshi yana sa mahaɗar ta ci kanta har ta zama farin gari. Haka nan gidan fis da ke kusa da mita, wanda ake yawan zarewa ana mayarwa wajen neman layin da ya fi ƙarfi, bakinsa yana buɗewa ya daina kama fis ɗin sosai.

A nan akwai bambanci guda da ya kamata a tsaya a kansa. Idan layi ne yake yankewa, kayan da ke kansa za su mutu kawai, su tashi idan ya dawo. Amma idan nutural ce ta saki a gida mai layi uku, ko a wayar da ke ciyar da unguwa, wutar ba ta mutuwa, rabuwa take yi ba daidai ba: wani ɗaki fitila ta dushe kamar za ta mutu, wani ɗaki kuma ta yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu da ƙara. Tsakanin layi da layi akwai kusan bolt 400, kuma idan babu nutural, ɓangaren da ba shi da lodi mai yawa yana iya samun ƙarfin da ya doshi wannan adadi, alhali kayanmu na bolt 230 ne. Wannan shi ne abin da ke ƙona talabijin da firiji da caja a lokaci guda. Duk wanda ya ga fitilunsa suna irin wannan hawa da sauka, ya kashe babban makunnin gida nan take, kada ya tsaya bincike.

Hanya mafi sauƙi ta raba gardama, ga wanda yake da janareta ko inbata, ita ce ya juya gidan zuwa gare su, ya kunna kayan da suka saba jawo matsalar gwargwadon abin da injin zai iya ɗauka. Idan soket ɗin suka ci gaba da ɗaukewa, laifin yana cikin gida, babu ko shakka. Idan suka zauna lafiya, sai hankali ya koma kan abin da ke gaban makunnin sauya wuta, wato shi kansa makunnin ta ɓangaren wutar NEPA, da gidan fis, da mita, da wayar falwaya. Shi wannan makunni ana yawan mantawa da shi, ga shi kuwa babu abin da ake juyawa kullum kamarsa a gidajenmu, kuma haƙoransa suna cinyewa.

Idan bincike ya nuna ciki ne, sauya soket duka ɓarnar kuɗi ce, kuma mai yiwuwa tsugune ba ta ƙare ba. A gidaje da yawa waya tana fitowa daga bureka ta shiga soket na farko, daga bayansa ta zarce zuwa na biyu, haka har na ƙarshe, don haka sukuru ɗaya da ya saki yana kashe duk waɗanda ke bayansa. Lokacin da wutar ta ɗauke, ka zagaya da cajar waya ko ƙaramar fitila ka rubuta waɗanda suka mutu da waɗanda ke aiki. Laifin yakan kasance a soket na farko da ya mutu, ko kuma a na ƙarshe da ke aiki, wanda ba wanda zai zarge shi tunda yana ba da wuta. Ka shafa fuskar kowanne da bayan hannu ka ji ko da ɗumi, ka duba ko robar ta sauya launi, ka saurara ko akwai ƙarar tartsatsi, ka kuma kula da warin ƙonannar roba. Idan duk suna lafiya, saura mahaɗun cikin silin, inda ake murɗa waya a naɗe ta da salatif, ga zafin kwano na watan Afrilu, ga ɓeraye, sannan sukurun da ke ƙasan bureka da sandar da wayoyin nutural suke taruwa a cikin akwati.

Kada ka dogara da tasta mai ƙaramar fitila ita kaɗai. Idan nutural ce ta yanke, tasta za ta kama a soket ɗin da ba ya aiki, har ma tana iya kamawa a ramuka biyu idan akwai wani abu jone a layin, sai mutum ya ɗauka lafiya lau ne, ko kuma ya ga kaya ba sa aiki ya ɗauka babu wuta ya sa hannu. Mai gyaran da ya san aikinsa da mitar awo yake zuwa, ya auna tsakanin layi da nutural, da kuma tsakanin layi da wayar ƙasa, kuma yana yin awon ne da kaya a kunne, domin mahaɗar da ta saki tana iya nuna bolt 230 cif idan babu lodi, ta zube da zarar an jona guga.

Ta fuskar wanda gyara ya rataya a wuyansa, wayarin cikin gida naka ne, kuma ya dace ka nemi mai gyara da ke da shaidar NEMSA, hukumar gwamnati da ke tantance masu aikin wayarin, ka tabbatar ya yi amfani da waya mai kaurin sikwaya milimita 2.5 ta jan ƙarfe zalla a layin soket, ba irin wadda cikinta alminiyam ne aka shafe shi da jan ƙarfe ba. Falwaya da mita kuwa hurumin kamfanin rarraba wuta ne, wanda a Zamfara da Kebbi shi ne Kaduna Electric, kuma ofishinsu ake kai rahoto, ba a ɗauko yaron unguwa da tsani a ce ya hau.

Bisa bayanin da ka bayar, cewa ɗakuna biyu ne kawai kuma kullum su ne, na fi karkata ga cewa mahaɗa ce ta saki a cikin gida, sai dai idan ka tarar wayoyi huɗu ne suka shigo kuma matsalar tana zuwa tare da iska. Kafin mai gyara ya iso, ka sauke burekan da ke ciyar da waɗannan ɗakuna ka bar shi a ƙasa, musamman da dare, firijin kuma a mayar da shi wani soket da ke kan wani bureka dabam.