Belhaven Black: baƙar giyar Sikotland mai ɗanɗanon ƙanzo

Ni ɗan Kudancin Kaduna ne, Kirista, na tashi a garin da ake dafa burukutu ranar biki kamar yadda ake dafa kunu. Na san yawancin masu karanta Hausa ba sa shan giya, addini ya hana su, kuma ina girmama hakan. Wannan sharhi na rubuta shi ne domin masu sha, musamman waɗanda harshensu ya saba da baƙar Guinness ta gida.

A watan Disamba ne, a Edinbara, babban birnin Sikotland, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a ƙasar, wanda nake kira Kawu, ya ja ni wata ƙaramar mashaya a unguwar Leith, can bakin ruwa. Na buɗe baki zan ce a ba ni Guinness, sai ya ɗaga hannu. "Ɗana, ka bar wannan yau. Ka zo ƙasar mutane, ka ɗanɗani tasu." Ya sa aka zubo mana Belhaven Black daga famfo, kowa babban tambulan guda, wanda a ma'auninsu yake cin mililita 568.

Ba a miƙo mini nan take ba. Mai zubawa ya ajiye tambulan ɗin a kan kanta, na tsaya ina kallon kumfa tana gangarowa ƙasa a jikin gilashin kamar yayyafi, launin ƙasa-ƙasa yana rikiɗewa a hankali zuwa baƙi. Iskar naitirojin da ake tura giyar da ita ce ke yin haka. Ƙwayoyin kumfarta ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa saman ya kwanta lumui, da kauri kamar kindirmo. Da na ɗaga ta saitin fitila sai na ga ashe ba baƙa wuluk ba ce, gefenta ja ne mai duhu, irin na zoɓon da aka jiƙa ya kwana.

Kurɓar farko ba ta burge ni ba, gaskiya. Ta yi sanyi da yawa, kuma ta wuce maƙogwaro salin-alin. Dalili a fili yake. Ƙarfin barasar da ke cikinta kashi 4.2 ne cikin ɗari, alhali Guinness Foreign Extra da muka sani a Najeriya kashi 7.5 ce. Tun farkon shekarun 1960 ake yin ta a Ikeja, kuma bayan da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, masu yin giya suka koma ga dawa da masara. Wannan ce ta raini harshenmu: mai nauyi, mai ɗaci da ɗan tsami, mai kama baki. Wanda ya taso da ita, in ya ji an ce sitawut, wato baƙar giya irin wannan, ita yake jira.

Kawu ya ga fuskata, ya ce, "Riƙe ta a hannunka tukuna, bari sanyin ya sake ta." Muka shiga hirar gida, ta noman citta da kuɗin taki, wajen minti goma. Da na sake kai ta baki sai na ji wata giya daban.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne ƙanzo. Ƙanzon tuwon dawa da ya kama gindin tukunya, wanda muke kankara da cokali da safe muna yara, gefensa ya ƙone kaɗan, tsakiyarsa da garɗi. Wannan ƙaurin mai daɗi shi ne ƙashin bayan giyar, kuma daga hatsin yake fitowa: ana gasa wani kaso na sha'ir ɗin a wuta mai zafi har ya yi baƙi kamar 'ya'yan gahawa, shi ke ba da launin da ƙamshin gaba ɗaya. Bayan ƙanzon sai ɗanɗanon baƙin shayin gahawa marar sukari, sai wani ɗan zaƙi can ƙasa mai kama da cakulan mai ɗaci. Ɗacin furen hops, wanda ke cizon harshe a wasu giyoyin, kaɗan ne a nan. Ɗacin da ke akwai na gashi ne, yana zama a bayan harshe, ya bushe baki kaɗan, sannan ya bar wani zaƙi-zaƙi irin wanda mutum ke ji in ya ci goro ya kora da ruwa. Wannan ƙarshen ne ya fi kama ni. Ba ta barin danƙo a leɓe.

Mun ci ta da naman sa da aka dafa da romo cikin ɓawon fulawa, abincin da mutanen ƙasar ke ji da shi lokacin sanyi, sun kuwa dace. Da soyayyiyar gyaɗa mai gishiri ma ta tafi daidai. Wata rana na gwada ta bayan na ci abinci mai barkono sosai, ban ji komai ba sai ruwan sanyi. Yajinmu ya fi ƙarfinta.

Da bazara ta shigo na hau jirgin ƙasa daga tashar Waverley ta Edinbara zuwa Dunbar, garin da ake yin ta, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Ƙaramin gari ne a bakin teku a yankin East Lothian, gonakin sha'ir shimfiɗe hagu da dama, iska na kaɗa su. Masana'antar Belhaven tana nan tun 1719, kamfanin Greene King na Ingila ya saye ta a 2005. Ganin gonakin nan ya sa na fahimci giyar fiye da da. Hatsi ne a gaba a cikinta, kamar yadda dawa take gaba a burukutun da aka dafa da kyau.

Hukuncina: mai neman nauyi da kaifin Guinness ta kwalba zai ga ta yi masa sauƙi, jikinta siriri ne, kuma ni ma na so a ce ta ɗan ƙara kauri a baki. Amma wajen ƙamshin gashi da tsabtar ɗanɗano, na ba ta takwas cikin goma. Kada a sha ta da sanyin ƙanƙara, kada a yi mata gaggawa. A daren farkon nan tambulan ɗaya ya kai ni kusan awa guda, kuma da na gama na ƙirga zobe bakwai na kumfa a jikin gilashin, kowace kurɓa da nata.