Hattara da masu tallar "bizar manoma" zuwa Kanada

Jama'a, don Allah duk mai manomi a gidansu ya karanta masa wannan. Akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai Kanada na neman gogaggun manoma, za a ba mutum izinin zama na dindindin shi da iyalinsa, ko bai iya Turanci ba. Damfara ce, kuma ta ci gidanmu.

Baffana ya haura shekara ashirin yana noman shinkafa rani da damina. Wani "ejan" ya turo masa takardar ɗaukar aiki, da jan ganyen nan na tutar Kanada a sama, da hatimi a ƙasa. Ya buga ta, ya sa a leda, ya ɓoye ƙarƙashin katifa. Aka ce kuɗin fom, ya biya. Aka ce kuɗin likita, ya biya. Da aka zo kan "kuɗin riƙe gurbi" sai ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwa. Duk a asusun wani mutum ɗaya ake zubawa. Tun daga biya na uku lambar ba ta sake shiga ba. Da na duba takardar, adireshin Gmail ne a jikinta. Na ce, "Baffa, me ya sa ba ka nuna mini tun farko ba?" Ya ce an gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa, saboda mahassada.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne an jingina ta da gaskiya. Kanada ta yi wani shiri na ba ma'aikatan gona da na sarrafa abinci izinin zama na dindindin, mai suna Agri-Food Pilot, ta buɗe shi a 2020, amma an rufe shi a watan Mayun 2025. Ko lokacin da yake aiki, sai wanda ya riga ya yi shekara guda yana aikin a cikin Kanada, ya ci jarrabawar Turanci ko Faransanci, kuma yana da shaidar gama sakandare. Noman da ka yi a fadamarka, komai yawansa, ba ya cikin lissafi. Shirinsu na ma'aikatan gona na kaka kuwa, na 'yan Meziko ne da ƙasashen Karebiyan irin su Jamaika. Babu Najeriya, babu Nijar, kuma ba zaman dindindin ba ne. Hanyar da lardin Manitoba ya ware wa mai son mallakar gona tana neman mai dukiyar da ta kai dalar Kanada 500,000. Mai irin wannan ƙarfi ba zai tsaya sayar da shanun huɗa ba.

A dokar Kanada, haramun ne mai gona ya karɓi kuɗin ɗaukar aiki a hannun ma'aikaci. Hukumar shige da ficensu, IRCC, ba ta aiko saƙo ta Gmail, ba ta cewa a zuba kuɗi a asusun wani. Duk mai karɓar lada don ba da shawarar hijira, sai ya zama lauyan da aka yarda da shi a can, ko sunansa na cikin rajistar CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawarar hijira lasisi, rajistar da kowa zai iya dubawa kyauta a intanet. Ka nemi lambar lasisinsa, ka kira lambar wayar da ke cikin rajistar, domin suna satar sunayen masu lasisi na gaske.

In har ka riga ka biya, kada kunya ta hana ka magana. Adana rasit da saƙonnin, ka garzaya bankinka da ofishin EFCC. Baffa dai bana da garmar haya ya yi huɗa, kuma jiya ma na ga saƙon nan an sake turo shi a zauren 'yan uwa, da sabuwar lamba.