Injin da ke cin ɓawon gujiya ya ba da wuta da zafi: ya cancanci kuɗinsa?

Dabarar samun wuta da zafi a lokaci guda, masana'antun takarda na Finlan da Suwidin suna aiki da ita. Can ɓawon itace da baƙin ruwan dafa itace suke ƙonawa, tururin ya juya injin wuta, sa'an nan wannan tururin ya je ya busar da takarda. Da haka ake cin moriyar kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin makamashin, alhali gurup na gazuwal bai cika wuce 35 ba.

Wanda ya dace da masu matsar mai a Maraɗi ƙarami ne, ba ya aiki da tururi. Tukunya ce da ke turara ɓawo da iska kaɗan, gas ya fito, a sanyaya shi, a tace, ya shiga injin. Kilo ɗaya da rabi na busasshen ɓawo kan ba da wutar kilowat ɗaya na awa guda. Ruwan sanyaya injin yana fita da zafin digiri 80 zuwa 90, hayaƙin salansa kuwa ya haura 400, kuma shi ne ribar: a bi da shi ta bututu ya ɗumama gujiya kafin matsa, ya busar da ɓawon gobe. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a 2023 kowa ya san darajar wannan.

Matsalarsa babba kwalta ce. In ɗanshin ɓawo ya wuce kashi 15, kamar yadda yake yi da damina, wutar ciki ta yi sanyi, kwalta ta bi gas ta daskare a bawul, da safe injin ya ƙi tashi. Sai a duba matatar gas ɗin kullum, a canza dusar katakon cikinta kafin ta toshe. Ɓawon kuma ba shi da nauyi, yakan maƙale a mazurari ya bar rami a ƙasa. Curarre ya fi tafiya daidai. Kada a yi kwaɗayin zuba karan hatsi, tokarsa narkewa take ta dunƙule kamar dutse a kan raga. Yashin da ke biyo ɓawo daga gona ma haka, a tankaɗe shi.

Gas ɗin guba ne marar wari, yana kisa. Rumfa buɗaɗɗiya za a yi masa.

Mai matsar mai da ke da ɓawonsa, da wurin ajiya mai rufi, da makanike tsayayye, zai ga sauƙin kuɗin gazuwal. Mai shagon da wuta kawai yake nema, faifan sola ya fi masa.