Gargaɗi kan mai tallar kifin betta: jaka 25 ya ci

'Yan uwa masu kiwon kifin ado a Maradi, akwai wani da ke tallar betta, ɗan ƙaramin kifin adon nan mai faɗa, a WhatsApp, wai ta jirgi ake kawo masa daga Tailan. Jaka 25 ya karɓa a hannuna: jaka 18 kuɗin namiji da mace masu jelar rabin wata, jaka 4 kuɗin mota, jaka 3 wai maganin ruwa. Jaka 25, a wannan tsadar gero!

Abin da direba ya miƙo a tasha leda ɗaya ce, ruwan cikinta bai cika kofi biyu ba, kifi biyu a ciki, dukansu maza, gajerun jela irin da ake kira plakat. Duk wanda ya san betta ya san ba a haɗa maza biyu wuri ɗaya. Kowa yana buɗe murfin gefen kansa, ya baje fiffike, su yi ta cizon juna har ɗaya ya galabaita. Ɗayan ya iso jelarsa a yage, kuma wurin yagewar ne ruɓa ke kamawa, bakin fiffiken ya yi baƙi yana zaizayewa. Wai wannan ce "macen". Mace tana da ɗan farin ɗigo a ƙasan ciki, inda ƙwai ke fitowa, jikinta ya fi cika, fiffikenta na ƙasa gajeru ne. Wannan babu ɗigo, kuma da ya huta shi ma ya hau tara kumfa a saman ruwa, aikin da aka san namiji da shi: shi ke gina sheƙar kumfa, ya kwashe ƙwai da baki ya jera ciki, ya tsare har su ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 2.

Kada wani ya ce an yi gaggawar biya. An tambaye shi. Zafin ruwa? Ya ce digiri 24 zuwa 28, daidai ne. Me ya sa kifin yake tasowa sama yana haɗiyar iska? Ya ce yana da wata gaɓa a kai da yake shaƙar iska da ita, saboda asalinsa fadamu da gonakin shinkafa ne na Tailan da Kambodiya, ruwa mara zurfi mai ƙarancin iska. Wannan ma daidai ne. Ya turo bidiyon kifi gaban madubi, jela ta buɗe digiri 180 cif. Sai ya ce, "Alhaji, ni ba na cin haram, in bai yi maka ba ka maido." Wannan maganar ce ke ta yi mini yawo a kai. Ba na cin haram. Da muryarsa ya faɗa, kuma tana nan a ajiye.

Au, tun kafin kuɗin mota ma ya kawo zancen maganin. Jaka 3. Ruwa ne shuɗi a 'yar kwalbar sirop, ba takarda, ba awo. Ya ce in an ɗiga shi ba sai an canja ruwa ba har wata 2, kuma kifin zai zauna a kofi yana cin ɓarɓashin burodi. A nan ya ɗauki gaskiya ya rufe ƙarya da ita. Shaƙar iska ba ta hana kashinsa zama amoniya, gubar da ke ƙona shi a ƙaramin mazubi. Lita 15 zuwa 20 yake so, da murfi don yana tsalle, a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako da ruwan da aka kashe wa kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo. Kuma mai cin nama ne, tsutsar sauro da ƙananan ƙwari, burodi kumbura shi yake. Ga darin hunturu a nan, ruwan kofi kan huce cikin dare, kifin ya kwanta ƙasa ya ƙi abinci. Mai tallar duk ya san wannan, wallahi ya sani.

Yanzu lambar a kashe, bidiyon kuma ashe yana yawo a shafuka da dama, ba nasa ba ne. Hotunan hirar da rasidin turo kuɗin, jaka 25 ɗin duka, zan sa su anjima.

Kada ku biya sai mai sayarwa ya kira ku ta bidiyo ya nuna kifin, kowanne a ledarsa, da ɗigon macen.