Kafin Ka Biya Kuɗin Makarantar Kung Fu a Ƙasar Sin

Wanda ya ƙudurta zuwa ƙasar Sin domin koyon kung fu yakan tarar da wurare huɗu a gabansa: Dengfeng, Wudang, Foshan da Cangzhou. Ni abu biyu nake dubawa, wato ko makarantar tana gina ƙafa da ƙugu kafin ta fara koyar da jerin motsin da Sinawa ke kira taolu, sannan ko tana barin ɗalibi ya gwada abin da ya koya a jikin abokin atisaye mai ramawa.

Dengfeng, a lardin Henan, ita ce ta fi suna saboda haikalin Shaolin da aka gina a shekarar 495 a gindin dutsen Song. Manyan makarantunta, irin su Tagou da aka kafa a 1978, suna da dubban ɗalibai, kuma damben da Sinawa ke kira sanda (a harshensu, ba faɗan sanduna ba ne) da ake koyarwa a can na gaske ne, ana naushi, ana shuri, ana kayarwa. Matsalar ita ce a makarantu da yawa ana ware baƙi a ajinsu daban, a cika su da taolu masu kyan kallo domin su samu abin nunawa idan sun koma gida. Wudang, yankin duwatsu a lardin Hubei da ya yi suna da salon motsi a hankali irin su Taiji, ta dace da mai neman lafiyar gaɓɓai da natsuwa. Wing Chun, salon faɗan birnin Foshan, tana da saurin hannu, amma ba ta cika shirya mutum ga ɗan kokawa ba.

Zaɓina shi ne Bajiquan ta gundumar Mengcun da ke Cangzhou a lardin Hebei, salon da ake jingina asalinsa ga Wu Zhong, wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui na ƙarni na 18. A nan sabon ɗalibi yakan daɗe a kan tsayuwar mai hawan doki, ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya miƙe baya, ya tsaya har cinyoyinsa su fara karkarwa, malami kuma yana zagayawa yana danna masa ƙugu ƙasa. Daga nan a shiga xiaojia, gajeren jerin motsi da ake yinsa a hankali ana tsayawa a kowace gaɓa, sai buga ƙafa a ƙasa domin nauyin jiki duka ya bi naushin, sai bankar itace ko gungume da kafaɗa da baya. Salon na faɗan kusa ne, da gwiwar hannu da kafaɗa da ƙugu ake aiki, kuma akwai atisayen mutum biyu da ke fallasa duk wanda tsayuwarsa ba ta nuna ba. Ba banza ba ne Huo Diange, almajirin shahararren malami Li Shuwen, ya zama dogarin Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, yayin da wani almajirin Li Shuwen, Liu Yunqiao, ya horar da masu tsaron shugabannin Taiwan. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin sauƙi, domin Mengcun gunduma ce ta 'yan Hui, masallatai da abincin halal ba sa wuyar samu. Sai dai mutum ya shirya wa sanyin hunturun Hebei, kuma ya ɗan koyi Sinanci tun daga gida.

Inda kuɗin mutane ke salwanta shi ne hannun dillalai da malaman bogi. Wani dillali ya taɓa karɓar kuɗina na tsawon lokaci gaba ɗaya, da na isa sai na tarar malamin da ke cikin hoton talla ba ya shiga fili, wani yaro ne ke jan aji, kuma babu maganar mayar da ko sisi. Tun daga lokacin ba na yarda a biya fiye da kuɗin wata ɗaya kafin a ga atisaye da ido. Aske kai da sanya tufafi masu launin ruwan lemo ba sa mayar da mutum ɗan haikalin Shaolin, kuma makarantun da ke ɗauke da sunan Shaolin galibinsu na 'yan kasuwa ne masu zaman kansu. Duk malamin da ya ce yana tunkuɗe mutum ba tare da ya taɓa shi ba, ko ya ce dabarunsa sun fi ƙarfin a gwada su domin suna kisa, a kama gaba a bar shi. A 2017 a birnin Chengdu, ɗan damben zamani Xu Xiaodong ya gama da wani malamin Taiji mai suna Wei Lei cikin 'yan daƙiƙoƙi, a 2020 kuma aka kayar da Ma Baoguo, wani mai iƙirarin ƙwarewa a Taiji, sau uku cikin kusan rabin minti. Takardar shaidar duanwei, wato tsarin ba da matsayi a kung fu mai matakai tara, ita ma ba hujja ba ce ta iya faɗa.

A nemi makarantar ta aiko da takardun neman bizar karatu da sunanta, X2 idan zaman bai wuce kwana 180 ba, X1 idan ya wuce, domin wadda ta ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido ka zauna shekara tana jefa ka cikin rikici da hukuma. A kuma tambaya a rubuce wane ne zai tsaya a fili kullum, ɗalibai nawa ne a ajinsa, da ranakun da ake sa safar dambe a gwabza.