Kafin ka sayi dashe: wace bishiyar gida ce ta dace da filinka?

Wanda ya je wurin masu sayar da dashe a bakin titi, yawanci abin da zai tarar a jere shi ne darbejiya, turare da mangwaro. Suna saurin girma, akuya ba ta cika damun wasunsu ba, shi ya sa suke da kasuwa. Amma in burinka shi ne tsuntsaye su dawo filinka, ƙudan zuma su samu fure, fakara da bushiya su samu maɓoya, to waɗannan ba su ne zaɓin farko ba. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, turare kuma daga Ostareliya. Ƙwarin ƙasarmu ba su saba da ganyensu ba, kuma inda ƙwari suka yi ƙaranci tsuntsu mai cin ƙwari ba ya zama. Masu ƙidayar tsuntsaye a yankin Sahel sun lura cewa ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da kaka sun fi taruwa a kan itatuwa masu ƙaya irin su gawo da aduwa, ba kasafai ake ganinsu a kan darbejiya ba.

Sai dai ko bishiyar gida ba ko'ina take kamawa ba. Ƙasa ce ke da magana ta farko. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 50, ka cika shi da ruwa, ka duba bayan sa'o'i kaɗan, sannan ka dawo washegari. In ruwan ya tsotse cikin sa'o'i kaɗan, jigawa ce. In har washegari yana kwance, laka ce ko bakin fadama. In fartanya ta yi tsalle tun kafin ka kai taƙi ɗaya, fako ne ko marmara. Sannan ka tambayi zurfin rijiyar da ta fi kusa, domin shi zai gaya maka abin da saiwa za ta tarar da rani.

A jigawa, gawo ne a gaba, kuma dalilinsa ya wuce na sauran. Shi kaɗai ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Ma'ana, lokacin da daji ya bushe ƙarau, shi ne ke da inuwa, da fure ga ƙudan zuma tun daga ƙarshen damina, da ƙwari ga tsuntsaye, sannan 'ya'yansa su zubo wa dabbobi a tsakiyar rani. Gero kuma yana yin kyau a ƙarƙashinsa, don haka manomi ba ya asarar fili. Amma yana da sharaɗi: saiwarsa ta tsakiya sai ta nutsa ta kai ga danshi. Dashen gawo da ya daɗe a leda har saiwar ta nannaɗe a ƙasa ba zai taɓa yin ƙarfi ba, ko da ya rayu. A shekara biyu ko uku na farko za ka ga kamar ba ya motsi, ƙasa yake yi ba sama ba, kada ka tuge shi. A bar tazarar mita 10 tsakanin kowanne.

Inda ruwan sama bai wuce milimita 300 zuwa 500 a shekara ba, kamar arewacin Damagaram ko arewacin Yobe, aduwa da dakwara sun fi aminci. Aduwa ba ta sauri, amma tana jure fari, tana karɓar yashi da laka duka, ƙayarta kuma na kare sheƙar tsuntsu. Dakwara tana son yashi, ba ta son ruwa ya kwanta mata, ga ƙaro na sayarwa. Magarya ta fi su saurin haihuwa, kuma in aka jera ta a iyakar gona tana zama shinge mai ciyar da tsuntsu da kurege.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko itacen kudu a kai shi arewa don sha'awa. Ɗorawa da kaɗanya suna son ruwan da ya kai milimita 600 ko 700 zuwa sama. A ƙasar Zazzau da kudancin Kano suna lafiya, a busasshiyar jigawar arewa kuwa sai dai a yi ta ban ruwa su ƙare a tsumbure. Inda ta dace, ɗorawa tana da daraja: furenta na buɗewa da dare a tsakiyar rani, jemagu na sha suna yi mata barbara, ƙudan zuma su biyo da asuba. Kuka ma jemage ne ke mata wannan aiki, kogonta kuwa gida ne ga zuma da mujiya.

A laka da bakin fadama lissafin ya sauya. Bagaruwa na jure ruwa ya kwanta mata na makonni, giyayya ma haka. Kanya da ɗinya suna son danshi ba tare da nutsewa ba. Goruba tana kamawa inda ruwan ƙasa ke kusa, har a ƙasa mai ɗan kanwa. Giginya ba a sayenta a leda: ana binne ƙwallon ne a inda ake so ta tsaya, saboda muruci na nutsawa ƙasa sosai, ciro shi kashe shi ne. A nan akwai abin da masu saye ba sa tambaya. Giginya, goruba da kanya suna da mace da namiji daban, kuma ba a gane su suna ƙanana. Wanda ya shuka guda ɗaya zai iya jiran shekaru bai ga ɗa ba. A shuka biyar ko shida a wuri ɗaya.

Idan filin ya isa bishiya babba ɗaya tak, mu ɓaure za mu zaɓa, ko danginsa, gamji, durumi da cediya. Suna yin 'ya'ya a lokutan da sauran itatuwa ba su da komai, kuma cilakowa, kurciyar gamji da jemagu duk suna ci. Cediya da durumi ba sa ma buƙatar dashe: a sari reshe mai kaurin hannu, tsawon mita ɗaya da rabi, a kafa shi da farkon damina. Saiwarsu dai na fasa katanga da masai, don haka a nisanta su da gini da aƙalla mita 15.

Bishiya kaɗai ba ta wadatar. Zabon daji, fakara da zomo a ƙasa suke rayuwa, abin da suke nema shi ne sabara, kalgo, geza, anza da tushen gamba. Waɗannan da wuya ka same su a kasuwa, kuma sau da yawa suna nan a filinka, ana sassabe su kowace shekara. Ka zagaya da bazara ka ƙirga kututturan da ke tofowa. A kowanne ka bar rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, ka datse sauran. Wannan dabara, da ta bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980, ita ta mayar da itatuwa a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Kututture yana da tsohuwar saiwa, don haka yana wuce dashen leda girma nesa ba kusa ba, kuma ba ka biya ko sisi ba. A kan fako, inda babu kututture, sai an fara haƙa ramuka masu siffar rabin wata ko ƙananan ramukan tare ruwa da ake kira tassa an zuba taki, in ba haka ba ruwan sama gangarewa zai yi.

Abin da ya rage sai ka saya, ka duba da kyau. Dashe mai tsawon santimita 30 zuwa 40 da kauri a gindi ya fi dogo siriri da ya tashi a inuwa. Ka ɗaga ledar: in saiwa ta huda ta kama ƙasa, ya wuce lokaci. Ka tambayi inda aka samo irin, na yankinku ya fi. A kula da Prosopis ta ƙetare, wata bishiya mai ƙaya wadda ake iya ɗauka kirya ce, alhali ita ce ta mamaye filaye a yankin Tafkin Cadi. Mai son shuka iri da kansa ya sani cewa ɓawon irin gawo, bagaruwa da kuka yana da tauri: a kankare gefe ɗaya da wuƙa, ko a sauke tafasasshen ruwa daga wuta a zuba a bar shi ya kwana.

A dasa bayan damina ta zauna, galibi cikin Yuli, a ramin santimita 50, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Kada a zuba ɗanyen taki a gindi, yana jawo gara. Kuɗin kariya kuma a ware shi tun kafin kuɗin dashe, domin akuya ta fi fari kashe ƙananan itatuwa: kewayen ƙaya ko waya mai tsawon mita ɗaya da rabi, a bar shi har rani uku.